Taswirar da Wa'adinta Ke Ƙarewa: Yadda Ake Bin Sawun Maganaɗisun Duniya

Duk wanda ya taɓa sauka a baƙon gari, lokacin salla ya kama shi, babu masallaci kusa kuma babu wanda zai tambaya, ya san abin da hannunsa ke yi. Zai zaro waya, ya buɗe manhajar alƙibla, ya yi ta juyawa har kibiyar ta tsaya, sannan ya shimfiɗa darduma. In a Kano yake, kibiyar za ta tsaya wajen digiri 68 daga arewa, wato gabas ɗin da muke faɗa amma ta jingina da arewa. Abin da bai gani ba shi ne ɗan gyaran da manhaja mai kyau take yi a ɓoye kafin kibiyar ta tsaya. Na'urar da ke cikin wayar ba ta san arewa ta gaskiya ba. Jan maganaɗisun Duniya kawai take ji, shi kuwa ba ya nuna arewa daidai. Kuskurensa a Kano daban da na Landan, na bana kuma daban da na shekara goma baya. Dole wayar ta duba wata taswira da aka ajiye mata cikin lissafi, ta ga yawan kuskuren a wannan wuri da wannan rana, ta cire shi.

Sunan taswirar World Magnetic Model, wato taswirar maganaɗisun Duniya, WMM a taƙaice. Hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, da hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya, BGS, su ke haɗa ta, kuma da ita jiragen sama da na ruwa da rundunonin NATO da yawancin wayoyin hannu ke daidaita kamfas ɗinsu. Wadda ake aiki da ita yanzu ta fito a Disamban 2024, za ta daina aiki a ƙarshen 2029. Taswira ce mai wa'adi, kamar maganin kyamis. Taswirar Kano da aka zana shekara hamsin baya har gobe za ta nuna maka inda Dala da Goron Dutse suke, amma wannan shekara biyar kacal ake ba ta, domin abin da aka zana ɗin tafiya yake yi. Mun kai maƙura wajen auna inda yake yau. Inda zai kasance jibi kuwa, har yanzu laluben duhu ya fi yawa, kuma nan ne labarin yake.

Abu uku ake aunawa a kowane wuri. Na farko karkata: tazarar da ke tsakanin inda allurar kamfas ta nuna da arewa ta gaskiya. Na biyu sunkuyo: in aka rataye allura ta yadda za ta iya yin sama ko ƙasa, a arewacin Duniya kanta zai duƙa, a kudanci ya ɗaga, a wani layi da ya zagaye Duniya kuma ta kwanta shamal. Na uku ƙarfin jan, wanda ake aunawa da nanotesila, daga wajen 22,000 a wurare masu rauni zuwa 65,000 kusa da ƙarshen Duniya na arewa da na kudu. Ƙarfin ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗan mayen ƙarfen da ke cikin tsohuwar sifikar rediyo ya ninka shi sau ɗaruruwa. Girmansa ne abin mamaki, don ya lulluɓe Duniya har dubban kilomita cikin sarari, yana karkatar da guguwar ƙwayoyin wuta da rana ke hurowa.

Karkatar allura tsohon sani ne. Masanin ƙasar Sin Shen Kuo ya rubuta tun wajen 1088 cewa allurar ba ta nuna kudu daidai, tana ɗan zamewa gabas. A ƙarshen ƙarni na 13 Sarkin Yaman al-Ashraf Umar ya bayyana yadda ake neman alƙibla da allura mai yawo a kan ruwa cikin kwano. A 1600 likitan Sarauniyar Ingila, William Gilbert, ya sassaƙa dunƙulen dutsen maganaɗisu, ya zagaya shi da ƙananan allurai, ya ga sun yi abin da kamfas ke yi a doron ƙasa, ya yanke hukunci cewa Duniya ita kanta ƙaton mayen ƙarfe ce. Ya yi gaskiya rabi. Inda ya kuskure shi ne da ya ɗauka karkatar kowane wuri tabbatacciya ce, ba ta canzawa.

Ba a cika shekara arba'in ba Landan ta ƙaryata shi. A 1580 an auna karkata a can an samu wajen digiri 11 zuwa gabas. A 1622 aka samu 6. Da farko an ɗora laifin a kan masu awon farko, aka ce kayansu ne ba su da kyau. Da Henry Gellibrand ya sake aunawa a 1634 ya samu 4, sai aka rasa wanda za a zarga. Allurar ce ke tafiya. Ta ci gaba har ta daidaita da arewa wajen 1660, ta wuce yamma, ta kai digiri 24 wajen 1820, sannan ta juyo a hankali, ba ta sake daidaita da arewa a Giriniwic da ke Landan ba sai 2019. Digiri 35 ke nan tsakanin ƙarshen gabas da ƙarshen yamma a birni ɗaya. A yi tunanin matuƙin jirgin ruwa mai tsohuwar taswira: kuskuren digiri ɗaya a tafiyar da ta kai nisan Kano zuwa Makka zai jefar da kai kusan kilomita 60 daga inda ka nufa.

Wanda ya fara wallafa taswirar abin shi ne Edmond Halley, mutumin da aka fi sani da tauraro mai wutsiya da ke ɗauke da sunansa. Tsakanin 1698 da 1700 ya tuƙa jirgin ruwa mai suna Paramore ya karaɗe tekun Atilantika yana awo, har ya kai inda duwatsun ƙanƙara ke yawo a kudu. A 1701 ya fitar da taswira mai layuka, kowane layi ya haɗa wuraren da karkatarsu ɗaya ce. Har yau haka ake zana ta. Kuma tun kafin tafiyar, a 1692, ya lura cewa siffar maganaɗisun kamar tana jan jiki zuwa yamma, sai ya ce ai cikin Duniya ɓawo-ɓawo ne kamar albasa, kowane ɓawo yana juyawa da saurinsa. Ana yi wa wannan ra'ayi dariya yanzu, amma ni ban ga abin dariya sosai ba. Mutumin ya gane cewa tunda abin yana canzawa cikin shekaru kaɗan, lalle akwai wani abu mai motsi a can ciki, kuma wannan shi ne ƙashin bayan abin da muka sani yau.

Aikin da ake ci har yanzu na Carl Friedrich Gauss ne a Gotinjen ta Jamus. A 1832 ya fito da hanyar auna ainihin ƙarfin jan da lamba, a 1839 kuma ya wallafa lissafin da ya farfasa siffar maganaɗisun Duniya zuwa sassa, babba da matsakaita da ƙanana, kamar yadda gwanin kunne zai saurari taron makaɗa ya ce ga ganga, ga kalangu, ga algaita. Da lambobi 24 kawai ya kwatanta Duniya duka, kuma lissafin ya nuna masa cewa kusan dukkan ƙarfin daga cikin ƙasa yake fitowa, ba daga sama ba. WMM ta yau jikar wannan lissafi ce. Ba hoto ba ce, jerin lambobi 168 ne masu bayyana yadda abin yake ranar da aka fitar da ita, da wasu 168 masu faɗin yadda kowace lamba za ta riƙa ƙaruwa ko raguwa duk shekara. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To mene ne a cikin ƙasar? Tambayi maƙeri. In ka jefa mayen ƙarfe cikin wuta ya yi ja, maitarsa ta tafi. Ƙarfe yana rasa maganaɗisunsa a zafin digiri 770, kuma 'yan kilomita gommai ƙarƙashin ƙafarmu duwatsu sun yi zafin da ba za su iya riƙe maganaɗisu ba. Saboda haka babu wani daskararren mayen ƙarfe a tsakiyar Duniya kamar yadda Gilbert ya zata. Abin da ke akwai, daga zurfin kilomita 2,890 zuwa wajen 5,150, teku ne na narkakken ƙarfe gauraye da nikel, zafinsa ya haura digiri 4,000, kuma ba mai kauri ba ne, kusan kamar ruwa yake gudu. Zafi na fita daga ciki, mai zafi ya taso, mai sanyi ya nutse, juyawar Duniya kuma ta murɗa wannan tafasa ta zama ginshiƙai masu wulwulawa. Ƙarfe mai motsi cikin maganaɗisu yana haifar da lantarki, lantarkin ya haifar da sabon maganaɗisu, shi kuma ya sake ciyar da na farko. Janareta ne mai ciyar da kansa. Walter Elsasser da Edward Bullard ne suka kafa wannan bayani a shekarun 1940 zuwa 1950, sai a 1995 Gary Glatzmaier da Paul Roberts suka kwaikwayi janaretan cikin babbar kwamfuta, har ya kife da kansa ba tare da an umarce shi ba.

Ruwan ƙarfen yana tafiyar kilomita goma zuwa 'yan gommai a shekara. A ido wannan ko hawainiya ta fi shi sauri, amma ga abin da ke cikin ƙasa gudun fanfalaƙi ne, domin nahiyoyi santimita kaɗan suke matsawa a shekara. Shi ya sa duwatsu ke zaune, kamfas yana yawo. Babu wanda ya taɓa ganin wannan teku, ramin da ɗan'adam ya haƙa mafi zurfi bai wuce kilomita 12 da ɗoriya ba. Taswirar maganaɗisu na cikin 'yan tagogin da ake leƙensa ta cikinsu.

Wahalar aikin ita ce na'urar awo ba ta jin murya ɗaya. Kamar mutum ne a tsakiyar kasuwa yana son jin maganar wani daga nesa. Murya mafi ƙarfi, fiye da kashi 90 cikin ɗari, ta tekun ƙarfe ce. Ta biyu ta duwatsun ɓawon ƙasa ce, waɗanda suka riƙe nasu maganaɗisu. Ta uku ta lantarkin da ke gudana a saman iska da cikin sarari, wadda ke canzawa da safe da rana da dare, kuma takan haukace in rana ta yi aman wuta, kamar a Maris na 1989 da ta kashe wutar lardin Kebek na Kanada na tsawon awa tara. Masu haɗa taswirar cibiyar ƙasa sukan zaɓi awon dare, a ranakun da rana ta lafa, su watsar da sauran. Amma abin da wani ya watsar shi ne abincin wani.

Murya ta biyu ita ce ta masu neman ma'adinai. Ƙarƙashin Bangi a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya akwai ɗaya daga cikin manyan tabon maganaɗisu na ɓawon ƙasa, wanda har daga sararin samaniya ake ganinsa, kuma har yau ana muhawara kan asalinsa: wasu na cewa tsohon narkakken dutse ne ya kutso daga ƙasa, wasu na cewa dutse ne ya faɗo daga sama tun zamanin da. A Rasha, tabon Kursk ya kai mutane ga ɗaya daga cikin manyan ma'adanan tama na Duniya. Mu ma a nan, a shekarun 2000 Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya ta sa ƙananan jirage sun yi ta shawagi ƙasa-ƙasa, wajen mita 80 daga ƙasa, layi-layi da tazarar mita 500, suna auna maganaɗisu. Da wannan awo ake gano tsagogin ƙasa da zurfin kwaruruka irin na Binuwai da Cadi da Bida. Amma kafin a karanta shi dole a cire kason cibiyar ƙasa na shekarar da aka yi awon, in ba haka ba taswirar bara da ta bana ba za su haɗu a baki ba.

Murya ta uku kuwa a kanmu take tsaye. Layin nan da allura ke kwanciya shamal bai bi layin da ya raba Duniya biyu ba. A Afirka ya hauro arewa, ya ratsa Arewacin Najeriya. A bisa wannan layi, wajen kilomita 100 a sama, wani kogin lantarki mai faɗin kilomita ɗaruruwa yana kwarara zuwa gabas duk rana, ya yi ƙarfi kusa da tsakar rana, ya ɗauke da dare. An fara ganin alamarsa a tashar awo ta Huwankayo a ƙasar Feru bayan buɗe ta a 1922, Sydney Chapman ya raɗa masa suna a 1951, kuma cikin waɗanda suka fi kowa nazarinsa akwai ɗan Najeriya, Farfesa Cyril Agodi Onwumechili, wanda ya fara aikin a Ibadan tun shekarun 1950, daga baya ya shugabanci Jami'ar Ife. Saman iskar wannan yanki yakan hargitse bayan faɗuwar rana, ya dagula saƙon GPS. Mun ci sa'a ta ɗaya ɓangaren: karkatar allura a Najeriya yanzu ba ta wuce digiri ɗaya ko biyu ba, don haka ko kamfas ɗin kasuwa ba zai kauce da kai daga alƙibla sosai ba. Sa'ar zamani ce kawai. A farkon ƙarni na 20 karkatar ta haura digiri goma zuwa yamma a kudancin ƙasar. Abin da ya fi ɓata wa mai waya lissafi yau shi ne rodin da ke cikin siminti, da mota, da mayen ƙarfen da ke jikin rigar wayar.

Kayan awo sun sha sauyi. Daga 1909 wani jirgin ruwa na Amurka mai suna Carnegie, wanda aka ƙera da katako da tagulla don kada ƙarfe ya ruɗa allura, ya yi shekara ashirin yana zagaya tekuna, har ya ƙone a tashar Afiya ta Samowa a 1929. Sai zamanin taurarin ɗan'adam: Magsat na Amurka a 1979, Ørsted na Denmak a 1999, CHAMP na Jamus daga 2000 zuwa 2010, sannan Swarm na hukumar sararin samaniya ta Turai, taurari uku da aka harba ranar 22 ga Nuwamba 2013, biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa a tsayin kilomita 460 ko kusa da haka, na ukun yana samansu. Dalilin yin uku shi ne a bambance canjin wuri da canjin lokaci, abin da tauraro ɗaya ba zai iya ba, tunda ba ya zama wuri biyu a lokaci guda. Duk da haka tashoshin ƙasa ba su zama tarihi ba. Tauraro shekaru kaɗan yake yi ya mutu, tasha kuwa takan yi ƙarni tana auna wuri ɗaya. Matsalar ita ce sun cunkushe a Turai da Arewacin Amurka. A Afirka ana iya ƙirga fitattun da yatsu: Hamanas a Afirka ta Kudu, Tamanrasat a Aljeriya, da wasu 'yan kaɗan.

Mu koma ga lambobi 168 na biyu. Ma'anarsu ita ce taswirar tana ɗauka cewa kowane canji zai ci gaba a miƙe, da saurin da aka gan shi, har shekara biyar. Ruwa mai tafasa kuwa ba ya alkawari. Akwai wuri guda a can arewa inda allura ke tsayawa a tsaye kanta ƙasa, mu kira shi turken arewa, tunda kamar a nan aka ɗaure dukkan alluran Duniya. James Clark Ross ya same shi ranar 1 ga Yuni 1831 a yankin Butiya na arewacin Kanada. Da Roald Amundsen ya je a 1904 ya tarar ya matsa wajen kilomita 50. Yawancin ƙarni na 20 tafiyarsa ba ta wuce kilomita 10 zuwa 15 a shekara ba. A shekarun 1990 sai ya zabura har ya kai kilomita 50 zuwa 55 a shekara, ya bar Kanada ya nufi Saiberiya. Taswirar 2015 ta kasa bin sa, kuskurenta a can arewa ya kusa wuce iyakar da aka yarda, dole aka fitar da gyara a Fabrairun 2019, kafin wa'adi. Ana cikin shirin ya ci gaba da gudu, sai ya sassauta zuwa wajen kilomita 35 a shekara. Bayanin da Phil Livermore da abokan aikinsa suka bayar a 2020 shi ne ja-in-ja tsakanin dunƙulen maganaɗisu biyu a saman tekun ƙarfe, ɗaya ƙarƙashin Kanada ɗaya ƙarƙashin Saiberiya: na Kanada ya miƙe ya rage ƙarfi, na Saiberiya ya rinjaye shi. Bayani ne mai gamsarwa, amma bayan abu ya faru aka yi shi.

Ko lambobin da ake rubutawa a bakin titin saukar jirgi suna bin wannan canji, domin daga kamfas aka ɗauko su. A 2011 filin jirgin Tamfa a Amurka ya rufe titinsa don sake fenti, 18 ta zama 19.

Abin da ya fi turken arewa ɗaukar hankalin masana yana kusa da mu. Daga Kudancin Amurka zuwa kudu maso yammacin Afirka akwai wani faffaɗan yanki da maganaɗisu ya yi rauni. Mafi ƙarancin ƙarfinsa ya sauko daga wajen nanotesila 24,000 a 1970 zuwa 22,000 a 2020, yana faɗaɗa, yana jan jiki yamma, kuma wata cibiyar rauni ta biyu ta ɓullo kudu maso yamma da Afirka. Mutumin da ke ƙasa ba ya jin komai, iska ta kare shi. Taurarin ɗan'adam ne ke ji a jikinsu, don ƙwayoyin wuta na saukowa ƙasa-ƙasa a nan, suna birkita kwamfutocinsu, har madubin hangen nesa na Hubble da ke sararin samaniya yakan dakatar da wasu na'urorinsa in zai ratsa. In aka mayar da lissafin Gauss ƙasa har bakin tekun ƙarfe, sai a ga wani yanki ƙarƙashin kudancin Afirka inda maganaɗisun ya juya baya, yana cin na sauran. Jimillar ƙarfin Duniya kuma ya ragu da wajen kashi 9 cikin ɗari a shekara ɗari biyu da suka wuce.

Nan ne ake fara cewa Duniya za ta kife. Kifewar ba tatsuniya ba ce. A 1906 Bernard Brunhes ya samu tsohon aman dutse a tsakiyar Faransa wanda maganaɗisunsa ke nuna kudu maimakon arewa. Narkakken dutse in yana hucewa, ƙwayoyin tama da ke cikinsa sukan jeru bisa maganaɗisun wannan rana, su daskare haka. A 1929 Motonori Matuyama na Japan ya nuna cewa abin ya danganta da shekarun dutsen. Hujja mafi ƙarfi daga ƙasan teku ta fito, inda aka tarar da ratsi-ratsi, wannan ya nuna arewa na kusa da shi ya nuna kudu, ɓangaren dama na tsagar tsakiyar teku ya yi daidai da na hagu kamar saƙar gwado. Fred Vine da Drummond Matthews suka fassara su a 1963, Lawrence Morley ma ya kai ga wannan fassara shi kaɗai, kuma da ita aka tabbatar cewa ƙasan teku buɗewa yake yi, nahiyoyi suna tafiya. Maganaɗisun ya kife sau ɗaruruwa, ba bisa wani tsari ba. Akwai lokacin da ya yi kusan shekara miliyan 40 bai motsa ba. Kifewa ta ƙarshe wajen shekara 780,000 ke nan, sai wata tangarɗa shekara 41,000 baya, da ƙarfin ya faɗi warwas sannan ya farfaɗo ya koma yadda yake.

A nawa ganin, masu cewa lokaci ya yi suna karanta abin da ba a rubuta ba. Abin da ba shi da jadawali ba a cewa ya makara. Raguwar da ake gani daga wuri mai tsawo ta faro, domin shekara dubu biyu zuwa uku baya ƙarfin ya fi na yau nesa, kuma akwai shaidar cewa an taɓa samun raunin da ya yi kama da na yanzu ya warke ba tare da kifewa ba. Ko da za ta zo, aikin dubban shekaru ne, kuma ba a samu kifewar da ta zo tare da ƙarewar halittu ba. Akwai kuma wata magana da ke yawo a WhatsApp da Facebook, wai kifewar maganaɗisu ita ce fitowar rana daga yamma. Abu biyu ne aka haɗa da ba su haɗu ba. Fitowar rana daga juyawar Duniya take, kifewar maganaɗisu kuwa ba ta juya Duniya baya. Duk kifewar da aka yi a da, rana daga gabas ta ci gaba da fitowa. Zancen alamomin tashin ƙiyama fagen malamai ne, ba ya buƙatar a jingina shi da allurar kamfas.

Tambayar ko raunin kudancin Atilantika sabon abu ne ko tsohon hali, awon zamani ba zai amsa ta ba, don gajere ne. An tsawaita shi da kundayen matuƙan jiragen ruwa: a shekarar 2000 Andrew Jackson da abokansa biyu suka tattara awo sama da 300,000, da yawa daga cikinsu daga ɗakunan ajiyar takardu na Turai, suka sake gina taswirar tun daga 1590. Kafin nan kuma sai a koma ga ƙonanniyar ƙasa. Yumɓu ma kamar aman dutse yake, in wuta ta ci shi ya huce, ya riƙe maganaɗisun ranar. A kwarin kogin Limfofo a kudancin Afirka, manoman zamanin baya sukan ƙone bukkoki da rumbunan laka, kuma masu binciken tarihi na ganin tsarki ne da ake yi lokacin fari. John Tarduno da abokan aikinsa sun auna waɗannan ƙonannun daɓe, suka bayar da rahoto a 2015 cewa wajen ƙarni na 13 zuwa na 14 maganaɗisun yankin ya yi saurin sauyi ya kuma yi rauni. Suna ganin wani ƙaton dunƙulen dutse mai zafi da ke zaune a bakin tekun ƙarfe ƙarƙashin Afirka shi ke dagula gudun ruwan, abin ya riƙa maimaituwa a wuri ɗaya. In haka ne, raunin yau tsohon ciwo ne da ke tashi lokaci-lokaci.

Afirka ta Yamma na cikin wuraren da irin wannan awo ya yi ƙaranci, alhali tana cike da abin aunawa. An riga an ɗauki samfur daga tsofaffin murahun narka tama na Korsimoro a Burkina Faso, kuma irin waɗannan murahu suna nan warwatse daga Taruga ta zamanin Nok har dazukan ƙasar Hausa. Tsingaron tukunya yana iya faɗin ƙarfin maganaɗisun ranar da aka gasa shi, amma ba zai faɗi inda arewa take ba, tunda an ɗauke shi daga inda ya huce. Gindin murhu da ƙonannen daɓe su ke faɗin wannan, da sharaɗin ba a taɓa gusar da su ba. Shi ya sa mai ɗaukar samfur, kafin ya sa wuƙa, yakan shafe saman yumɓun da farar ƙasa ya daidaita shi, ya zana kibiyar arewa a kai. Kuma ba da kamfas yake neman arewar ba, don ƙonannen yumɓun da gurar tama na iya jan allurar. Da inuwar rana yake nema.